Awa 75 kafin takardar shaida: yadda Maryland ta wajabta wa ɗalibanta hidimar al'umma

A watan Yulin 1992 Hukumar Ilimi ta jihar Maryland, a gabashin Amurka, ta yanke shawarar da babu jihar da ta taɓa yanke irinta a ƙasar. Ta ce duk ɗalibin makarantar gwamnati da ke son takardar shaidar kammala sakandare, sai ya yi wa al'umma hidima tukuna. Ko ya ci lissafi da kimiyya da Turanci yadda ake so, in bai yi hidimar ba, takarda ba za ta fita ba. Yaran da suka shiga aji 9, wato shekarar farko ta babbar sakandare, a 1993 ne dokar ta fara hawa kansu, su ne suka kammala aji 12 a 1997.

Sama da shekara 30 ke nan ana tafiya a kan wannan doka. Waɗancan yaran na farko yanzu iyaye ne, wasunsu ma 'ya'yansu na cike irin fom ɗin da suka cike. Shi ya sa lamarin Maryland ya cancanci a tsaya a kansa ga duk mai tunanin shigar da hidimar al'umma cikin karatun yara. An daɗe ana yi, an yi rigima a kai, masu bincike sun auna, kuma abin da suka samo bai yi daidai da fatan waɗanda suka kafa dokar ba. Ni dai ina tare da manufar har zuciyata. Sai dai na gamsu cewa ƙirgar awanni ta kusa cinye ta, kuma wannan zaren nake so in bi.

Yadda aka zo nan

Tun 1985 jihar ta umarci makarantun sakandare su buɗe darasin hidima na zaɓi, wanda ya ga dama ya shiga a ba shi maki. A 1988 aka kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa don yaɗa hidimar ɗalibai a jihar, wadda Kathleen Kennedy Townsend ta jagoranta. 'Yar fari ce ga Robert Kennedy, ƙanin tsohon shugaban Amurka John Kennedy, daga baya kuma ta zama mataimakiyar gwamnan Maryland daga 1995 zuwa 2003. Ita ce ta fi kowa tsayawa kai da fata sai an wajabta abin. Hujjar ɓangarensu mai ƙarfi ce: darasin zaɓi yakan jawo yaran da dama can suna hidima a unguwa ko a wurin ibada, wanda kuwa bai taɓa ɗanɗanawa ba, ba zai zaɓa ba. Ba a tambayar yaro ko yana sha'awar lissafi kafin a koya masa. To don me zama ɗan ƙasa na gari zai zama sai wanda ya so?

Dokar ta ba gundumomi zaɓi biyu. Ko dai ɗalibi ya yi awa 75 na hidima, ko kuma gunduma ta tsara nata shirin, shugaban sashen ilimi na jiha ya amince da shi. Maryland na da hukumomin makarantu 24, wato gundumomi 23 da birnin Baltimore, kuma dukansu tsarin kansu suka yi, ko da yake awa 75 ɗin ce ta zama ma'aunin da kowa ya haddace. An kuma yarda yaro ya fara tarawa tun yana ƙaramar sakandare. A riƙe wannan, don zai dawo.

Akwai wani sharaɗi a cikin dokar wanda a ganina shi ne ruhinta, amma shi aka fi mantawa. Hidimar dole ta ƙunshi abu uku: shiri, aiki, da waiwaye. Shiri shi ne yaro ya fahimci matsalar kafin ya sa hannu, ya san daga ina ta taso da waɗanda ta shafa. Waiwaye kuwa shi ne ya zauna bayan aikin, ko a tsakiyarsa, ya yi tunani, ya rubuta, ya yi muhawara da 'yan ajinsu kan abin da ya gani. Da waɗannan biyun ne aikin sa kai ke zama karatu. In aka cire su, share titi share titi ne kawai, abu ne mai kyau amma ba sai da makaranta ba.

Ba a karɓi dokar hannu bibbiyu ba. Yawancin hukumomin ilimi na gundumomi sun ƙi ta, ƙungiyar malaman jihar ma haka. Kukansu bai wuce kuɗi da lokaci ba: wa zai riƙa bin diddigin awannin dubban yara, wa zai ɗauki alhaki in yaro ya ji rauni a wurin aiki, wa zai biya motar kai su? Wasu iyaye kuma ta wani ɓangaren suka ɓullo, suka ce aikin sa kai da aka tilasta ai ya daina zama na sa kai. An yi yunƙurin soke dokar a majalisar dokokin jihar, bai yi nasara ba.

A wasu jihohin maganar har kotu ta kai, domin akwai gundumomin da suka kafa irin wannan sharaɗi su kaɗai. Bethlehem a Pennsylvania ta nemi awa 60, Rye Neck a New York awa 40, Chapel Hill da Carrboro a North Carolina awa 50. Iyaye da ɗalibai suka kai ƙara, suna kafa hujja da gyara na 13 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta bauta da aikin tilas tun 1865. Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya suka yi watsi da ƙarar Bethlehem a 1993, sauran biyun kuma a 1996. Ganinsu shi ne 'yan awanni da aka raba cikin shekaru, yaro ya zaɓi inda zai yi, don amfanin karatunsa, ba su kama hanyar bauta ba. Kotun da ta yanke hukuncin North Carolina kuwa ita ce hurumin ta ya haɗa da Maryland, saboda haka ta fuskar shari'a magana ta mutu. Ta fuskar tarbiyya ce tsugune ba ta ƙare ba.

Aji ɗaya da ciyawar ruwa

In ana son ganin dokar a ranar da ta yi kyau, sai a leƙa ajin kimiyya. Maryland ta kewaye ɓangaren arewa na mashigin ruwan Chesapeake, mafi girman wurin da ruwan koguna ke garwaya da na teku a Amurka. Ruwan sama da ya sauka a faɗin ƙasa mai murabba'in mil kusan 64,000, a jihohi shida da birnin Washington, duk nan yake gangarowa, kuma yana tahowa da abin da ya kwaso. Takin zamani daga gonaki da ƙazantar birane sukan cika ruwan da sinadaran da gansakuka ke so. Gansakuka ta yi yawa, ta tare hasken rana, ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa ta mutu. Ita kuma ciyawar nan ita ce maɓoyar 'ya'yan kifi da ƙaguwa, ita ke riƙe laka kada ruwa ya gurɓace. Ga kuma kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, wadda babba guda kan iya tace ruwa har galan 50 a yini, amma kamu ba ƙaƙƙautawa da cututtuka sun kusa ƙarar da ita.

Daga ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar da Gidauniyar Chesapeake suka gudanar da wani shiri na rainon wannan ciyawa a cikin azuzuwa. A ɗauki aji 7 a matsayin misali. Malama ta kawo iri da manyan robobi da fitila da na'urar ɗumama ruwa tun sanyi bai wuce ba. Yara su cika ƙananan kwanoni da ƙasa da yashi, su binne irin, su nutsar da su a roba. Kowane mako akwai masu auna zafin ruwa, akwai masu sa ma'auni su rubuta tsawon ganye, akwai masu kwashe gansakukar da ta fara taruwa a gefen roba. A nan yaro zai ga da idonsa cewa robar da gansakuka ta rufe, ciyawarta ta fi ta kowa rama. Abin da littafi ya faɗa a shafi guda ga shi yana faruwa a bayan aji. Alƙaluman da suka tara su ne za a zana jadawali da su a darasin lissafi. Da bazara ta yi sai a ɗebe su zuwa bakin kogi, su shiga ruwa har gwiwa, hannu cikin laka, su dasa abin da suka raina wata da watanni.

Waiwayen irin wannan aji ba ya buƙatar a matsa wa kowa. Yaron da ya dasa ciyawa zai so ya san ko za ta rayu, kuma amsar gaskiya ita ce wata za ta rayu, wata ruwa zai cinye. Daga nan tambaya ke buɗewa: in takin da ke kashe ta daga gonar wata jiha yake tahowa, dashen yara 30 me zai gyara? Wa ke da ikon hana shi? Malamar da ta san aikinta ba za ta rufe wannan tambaya da kalaman ƙarfafa gwiwa ba. Za ta bari yaran su ji nauyinta, sannan ta nuna musu inda ake kai ƙorafi. Tsarin Maryland ya amince da hidima iri uku, ta ido da ido da mabuƙaci, ta bayan fage kamar tara kaya ko gyaran muhalli, da ta fafutuka kamar rubuta wa ɗan majalisa. Aji guda na iya farawa da laka ya ƙare da wasiƙa.

Ɗalibi ɗaya da fom

Ga kuma dokar a ɗaya fuskar tata. Yarinya ce 'yar aji 12, saura wata uku bikin kammalawa, aka aiko wa iyayenta takarda cewa ana binta awa 22. Ta duba jerin ƙungiyoyin da gunduma ta amince da su, ta zaɓi wadda ta fi kusa da gida, ta yi Asabar uku tana jera gwangwanayen abinci a rumbun taimakon mabuƙata. Ba wanda ya gaya mata su wa ke karɓar abincin, ko me ya sa mai aiki cikakke ke kasa ciyar da iyalinsa. Da ta gama, mai kula da wurin ya sa hannu a fom. A ƙasan fom akwai gurbin waiwaye, ta rubuta layi huɗu a tsaye, cewa ta ji daɗin taimakon mutane. Aka shigar da awanni a kwamfuta, nauyi ya sauka.

Ban ga laifin yarinyar nan ba ko kaɗan. Abin da aka nema ta yi, kuma gwangwanayen sun isa ga masu buƙata. Amma a doka ita da yaran bakin kogi daidai suke, awa awa ce. Abin da tsarin ya koya mata shi ne hidima bashi ce mai adadi, in ka biya ka huta. Duk malamin da ya taɓa sanar da wani aikin alheri, yara suka fara da tambayar awa nawa za a ba su, ya san abin da nake nufi, kuma ya san zafin jin tambayar.

Jihar ta ga wannan haɗari da wuri. Ta fitar da ƙa'idoji bakwai na aiki mai inganci, a cikinsu akwai cewa aikin ya biya wata buƙata ta gaske, ya ɗauru da manhajar karatu, a yi waiwaye tun daga farko har ƙarshe, yara kuma su ɗauki alhakin wani ɓangare da kansu. Gundumomi da yawa suka cusa wani kaso na awannin cikin darussa, ta yadda yaro zai same su in ya bi ajin kimiyya ko na sanin harkokin gwamnati. Wannan ya rage masu maƙalewa a aji 12. Sai dai shi ma ya zo da tasa cutar. Inda malami ba shi da lokaci ko horo, aikin kan koma zanen fosta na kwana biyu, a rubuta wa kowa awa 10, wani yaron ma bai san ya yi hidima ba sai ya gani a takardar sakamako.

Abin da aka auna

A 2013 wata masaniyar tattalin arziki, Sara Helms, ta buga bincike kan wannan doka. Ta yi amfani da wani babban binciken jin ra'ayin matasa da Jami'ar Michigan ke gudanarwa duk shekara, wanda ke tambayar ɗalibai, cikin wasu abubuwa, yawan aikin sa kai da suke yi. Ta kwatanta yaran Maryland da na wasu jihohi, kafin dokar da bayanta. Ta samu cewa aikin sa kai ya ƙaru a tsakanin 'yan aji 8. A tsakanin 'yan aji 12 kuwa, alamu sun nuna raguwa ya yi.

Wannan sakamako ya taɓa zuciyar hujjar da aka kafa dokar a kai. Fatan shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya saba da hidima zai ci gaba ko ba a sa shi ba. Ga shi kuwa a shekarar ƙarshe, lokacin da ya kamata sabon ya fara nuna kansa, sai aka ga ja da baya. Fassarar da ta fi kusa ita ce wadda na ce a riƙe: an yarda a fara tarawa da wuri, yara suka cika awanninsu tun suna ƙanana, suka rufe littafi. Akwai kuma abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna lura da shi, cewa in ka ɗora sharaɗi ko lada a kan abin da mutum yake yi don kansa, yakan fara ganin don sharaɗin yake yi, in sharaɗi ya ɗauke sai himma ta bi shi.

Dole a yi wa binciken adalci. Abin da yara suka faɗa da bakinsu ya auna, kuma yawan aikin ya ƙirga. Bai raba ajin ciyawar ruwa da Asabar uku na gwangwani ba, su biyun cikin buhu ɗaya suka shiga. Saboda haka ban karanta shi a matsayin hukunci kan haɗa karatu da hidima ba. Abin da ya nuna min shi ne wajabtawa ita kaɗai ba ta haifar da son abu. Tana iya kai yaro bakin ƙofa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai dubban yaran da ba don dokar ba da ba su taɓa zama da tsoho a gidan kula da tsofaffi ko koya wa ƙaramin yaro karatu ba. Abin da zai faru bayan ya shiga, yana hannun malami da ƙungiyar da ta karɓe shi.

Akwai wani ɓangare da yake damuna fiye da alƙaluman. Ƙa'idar gundumomi ita ce aikin ya zama ba na kuɗi ba, kuma na amfanin al'umma ne, yawanci ta hannun wata ƙungiya mai zaman kanta ko hukumar gwamnati. Abin da mutum ya yi wa iyalinsa ba ya shiga lissafi. Ana iya fahimtar dalili, don in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai kawo takardar wanke kwanukan gidansu. Amma a duba wanda abin ke faɗawa. Yaron da ke tashi makaranta ya wuce aikin kanti don taimaka wa mahaifiyarsa biyan haya, ko yarinyar da ke rainon ƙannenta uku har dare, ko mai jinyar kakarsa, a takarda ba su yi komai ba. Ɗan gidan da ke da mota biyu da iyaye masu sanin mutane kuwa, cikin hutu ɗaya zai cika awanninsa a wurin da zai ƙawata takardar neman jami'a. Wanda ya fi kowa sanin ma'anar ɗaukar nauyin wani shi ne aka fi aiko wa takardar gargaɗi. Wannan kaɗai ya isa hujjar a sa yawancin hidimar cikin lokacin makaranta, da motar makaranta, ƙarƙashin idon malami, in ya so mai hali ya ƙara nasa a waje.

Hakan kuwa kuɗi yake ci, kuma a nan kukan gundumomi na 1992 ya tabbata gaskiya. Malamar ciyawar ruwa tana buƙatar horo, da kayan aiki, da wanda zai riƙe mata sauran azuzuwa ranar da ta tafi bakin kogi, da awa guda ta waiwaye wadda ba za a ƙwace don shirin jarrabawa ba. Shekaru da dama wani shirin gwamnatin tarayya, wanda ya samo tushe daga dokokin hidimar ƙasa na 1990 da 1993, yana ba jihohi tallafi don irin wannan aiki. A 2011 majalisar dokokin Amurka ta yanke kuɗinsa gaba ɗaya. Sharaɗin awa 75 ya zauna daram, abin da ke taimaka wa malamai su ba shi ma'ana ne ya ragu. Ƙirgar awa ba ta da tsada, fom da kwamfuta sun wadatar. Shiri da waiwaye ne masu tsada, su ne kuma na farko da ake yankewa in aljihu ya yi sanyi.

Da ni za a tambaya abin da za a gyara, zan fara da ma'auni. Maimakon a ce awa kaza, a ce aiki kaza da aka bi tun daga gano matsala har zuwa bayar da rahoto ga mutanen da abin ya shafa, ɗaya a ƙaramar sakandare, ɗaya ko biyu a babba, na ƙarshe lallai a aji 11 ko 12 lokacin da hankalin yaro ya isa ya tambayi dalilin talauci ko gurɓatar ruwa. Dokar 1992 ma ta bar wannan ƙofa a buɗe, tunda ta ba kowace gunduma damar tsara nata shirin. Sannan a daina karɓar waiwayen layi huɗu. A sa yara su tsaya gaban mai kula da rumbun abincin nan su gaya masa abin da suka lura da shi, shi ma ya gaya musu inda suka yi kuskure.

Maryland kanta ta ci gaba da gini a kan wannan turba. A 2011 ta zama jiha ta farko da ta sa sanin muhalli cikin sharuɗɗan kammala sakandare, abin da ya ƙara wa irin ajin bakin kogi gindin zama. A 2023 gwamna Wes Moore ya sa hannu a dokar da ta buɗe wa waɗanda suka gama sakandare damar yin shekara guda ta hidima, wannan karon na zaɓi ne, ana biyan aƙalla dala 15 a awa, da dala 6,000 ga wanda ya kammala. A wasu wuraren kuma tsarin ƙirga awa ne ke yaɗuwa. Birnin Washington ya daɗe da sa irin wannan sharaɗi, lardin Ontario na Kanada yana neman awa 40 tun 1999. A 2023 jihar Arkansas ta kafa nata sharaɗin, awa 75 kamar na Maryland, kuma ta ce a yi su tsakanin aji 9 da aji 12. Yaran farko da dokar ta hau kansu za su kammala a 2027.